Jagorar ziyartar gidan tarihin Auschwitz-Birkenau: daga neman izinin shiga zuwa ƙarshen layin dogo

Duk wanda ya ƙudura niyyar zuwa Auschwitz, ya ware masa yini guda cur, kada ya haɗa shi da wani yawon buɗe ido. Wurin yana kudancin ƙasar Folan, a garin Oświęcim, kimanin kilomita 70 yamma da birnin Krakow. A nan ne gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ta kafa sansanin gwale-gwale da kisa mafi girma a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940 zuwa 1945 an kwaso mutum kimanin miliyan 1.3 zuwa wurin, aka kashe wajen miliyan 1.1. Kusan miliyan 1 daga cikin mamatan Yahudawa ne. Sauran sun haɗa da 'yan Folan fiye da 70,000, da 'yan ƙabilar Roma kimanin 21,000, da sojojin Tarayyar Sobiyet da aka kama a fagen daga su kimanin 15,000. A faɗin Turai kuwa, Yahudawa miliyan 6 ne kisan ƙare-dangin ya ci.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, gidan tarihin sansani biyu ne, tsakaninsu kilomita 3. Akwai Auschwitz na ɗaya, mai gine-ginen jan bulo, inda aka baje kayayyakin tarihi. Akwai kuma Birkenau, makeken fili, inda aka yi mafi yawan kisan. Baƙi da dama sukan ƙarar da ƙarfinsu da lokacinsu a na farko, su iso na biyu a gajiye, su leƙa bakin ƙofa su juya. Duk tsarin da zan ba ka a ƙasa na gina shi ne don ka isa Birkenau da sauran ƙarfi a ƙafa da kuma sauran rana a sama.

Mataki na farko: izinin shiga

Kafin ka sayi tikitin mota ko ka kama masauki, fara samun izinin shiga. Ana yankarsa a shafin gidan tarihin na intanet, visit.auschwitz.org, kuma da sunanka yake fitowa, tare da rana da sa'a. Ka rubuta sunan daidai yadda yake a fasfonka, domin a bakin ƙofa za a gwada su.

Izinin iri biyu ne. Shiga kai kaɗai ba tare da ɗan jagora ba kyauta ce, amma sa'o'in da ake ware wa irin wannan shigar kaɗan ne, galibi can da yamma, kuma guraben na ƙarewa da wuri. Shiga cikin ayari tare da ɗan jagoran gidan tarihin kuwa biya ake yi. Zagayen da aka saba yana ɗaukar kimanin sa'a uku da rabi ya haɗa sansanonin biyu, akwai kuma na masu nazari mai ɗaukar sa'a 6. Ana yi da harsuna da dama, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, don haka ɗan Nijar ko ɗan Kamaru da ya fi sakewa da Faransanci zai samu ayarinsa, sai dai guraben ba su kai na Ingilishi yawa ba.

Shawarata ga mai zuwan farko: ka biya, ka bi ɗan jagora, ka kuma zaɓi ayarin safe. Gine-ginen ba sa bayanin kansu, allunan da ke jikin bango gajeru ne, kuma za ka iya wuce wurin da aka kashe dubban mutane kana zaton kango ne kawai. Ayarin safe zai bar maka yammacin ranar ka koma ka sake taka Birkenau kai kaɗai. Daga watan Mayu zuwa Satumba ka nemi izinin da makonni kafin tafiya. Ana rufe wurin ranar 1 ga Janairu, da 25 ga Disamba, da Lahadin Ista.

A Krakow za ka ga kamfanoni barkatai suna tallar kai mutane da dawo da su. Wasu na da kirki. Amma ana yawan kuka da masu sauya lokaci a daren tafiya, ko su ɗebi mutane da asuba ba su riƙe musu izini a hannu ba. Idan za ka bi su, ka nemi a nuna maka izinin mai ɗauke da sunanka tukuna.

Mataki na biyu: biza da hanya

Folan tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum dukkansu, tun 2007. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Jamus ko Faransa ko Italiya da takardar zama ba ya bukatar wata sabuwar biza. Mai tasowa daga gida kuwa sai ya nemi bizar Shengen a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, da inshorar lafiya ta tafiya. Jirgi kan sauya a wani birni kamar Frankfurt kafin Krakow. Kuɗin ƙasar sunansa zuloti, ba yuro ba, amma kati na aiki kusan ko'ina.

Daga Krakow, babbar tashar mota tana manne da babbar tashar jirgin ƙasa. Motocin Oświęcim na ɗaukar kimanin sa'a ɗaya da rabi, wasu kuma har kusa da gidan tarihin suke sauke mutane. Jirgin ƙasa ma yana zuwa, sai dai tasharsa na da ɗan nisa, wajen kilomita 2, sai ka taka ko ka hau bas. A allon tasha sunan Oświęcim za ka nema, domin Auschwitz sunan da Jamusawa suka laƙaba wa garin ne. Ka isa da aƙalla minti 30 kafin lokacinka, saboda akwai binciken jiki da na kaya irin na filin jirgi, kuma ayari ba ya jiran wanda ya makara.

Mataki na uku: abin da za ka sa da abin da za ka riƙe

Takalmi mai ƙwari wanda ƙafarka ta saba da shi. Hanyoyin tsakuwa ne da duwatsu marasa daidaito, idan an yi ruwa kuma Birkenau taɓo ne. Ƙaramar jaka kawai ake bari a shiga da ita, babba sai a ajiye a ɗakin ajiya, ka duba girman da aka ƙayyade a shafinsu. Ka riƙe ruwan sha. Ka karya kumallo sosai tun kafin ka shiga, domin ba a cin abinci ko shan taba a cikin sansanin.

Sanyin hunturun Folan ba a yi masa shirin wasa. Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na Jos a watan Janairu, ya sani wannan ya ninka shi: iska na kaɗawa a fili ba abin da ke tare ta, yatsu na ƙagewa cikin mintuna. Ka sa riguna a jere, da babbar rigar sanyi, da safar hannu, da hular da ta rufe kunne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ana kuma daina shigar da mutane da wuri. Da bazara matsalar akasin haka ce, babu inuwa, don haka hula ko lema.

Musulmi ya yi lissafin azahar da la'asar tun daga masauki, domin babu masallaci a harabar, matafiyi kuma yana da rangwamen haɗa su. Hukumar gidan tarihin ba ta ba da shawarar a kawo yaran da ba su kai shekara 14 ba, kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari.

Mataki na huɗu: Auschwitz na ɗaya

Za a ba ka abin saƙalawa a kunne don ka riƙa jin ɗan jagora ko yana magana ƙasa-ƙasa. Daga nan sai ƙofar nan mai rubutun ƙarfe a sama, Arbeit macht frei, wato wai aiki ne ke 'yantar da mutum. Wanda ke rataye yanzu kwafi ne, domin an sace na asalin a watan Disamba 2009, aka gano shi a yanke, aka gyara aka adana. Ta wannan ƙofa fursunoni ke fita aikin bauta da safe, su dawo da yamma ɗauke da gawarwakin waɗanda suka mutu a wurin aiki, don adadi ya cika a lokacin ƙidaya.

Tsohon barikin sojan Folan ne aka mayar kurkuku. Ayarin farko, 'yan Folan 728 da aka kwaso daga garin Tarnów, ya iso ranar 14 ga Yuni 1940. Gine-ginen na da lamba, kuma zagayen yakan bi ta Gini na 4, 5, 6, 7 da 11.

A Gini na 4 ake bayanin yadda aka tsara kisan: taswirar layukan dogo daga Faransa, Holan, Girka, Italiya, Hangari har da Norwe, da tarin gwangwanayen gubar Zyklon B da aka juye. A saman bene akwai ɗaki mai duhu-duhu, da doguwar ma'ajiyar gilashi cike da gashin kan mata, kusan tan 2. Askewa ake yi a cusa a buhu a sayar wa masana'antu. An hana ɗaukar hoto a wannan ɗaki. Idan ka ji ƙafarka na rawa, ka jingina da bango ka bar ayari ya ɗan wuce, babu wanda zai ga laifinka.

Gini na 5 shi ne na kayan da aka ƙwace wa mutane: tabarau a cukuikuye, ƙafafun roba da sandunan guragu, mayafan ibadar Yahudawa, tukwane da kwanuka, burushin aski, da tsibin takalma hagu da dama. A nan nake roƙonka ka rage sauri. Idan ka kalli tsibin gaba ɗaya, ido yakan gaji ya daina gani. Ka zaɓi abu guda. Ka tsaya gaban akwati ɗaya ka karanta abin da mai shi ya rubuta da farin fenti: suna, ranar haihuwa, wani lokaci da garinsu. An ce musu sabon wurin zama za a kai su, kowa ya rubuta sunansa don kada kayansa su ɓace. Ka yi lissafin shekarun daga ranar haihuwar zuwa 1943 ko 1944, za ka ga wasu akwatunan na 'yan shekara biyu ko uku ne. Yara kimanin 232,000 aka kawo wannan sansani, mafi yawansu Yahudawa, kuma ƙalilan ne suka fita.

A bangon doguwar hanyar da ke cikin Gini na 6 hotunan fursunoni ne a jere, kai a aske, cikin riga mai ratsi. Ƙarƙashin kowane hoto akwai suna da sana'a da rana biyu: ranar isowa da ranar mutuwa. Malamin makaranta, manomi, tela, lauya. Ka karanta ko da goma ne, ka ga yadda tsakanin ranakun biyu yakan zama wata biyu ko uku, wani ma makonni. Waɗannan su ne waɗanda aka yi wa rajista, su kimanin 400,000. Mafi yawan Yahudawan da aka kawo ba a ɗauke su hoto ba, ba a ba su lamba ba, daga tarago aka wuce da su ɗakin gas, inda ake kashe mutane da iskar guba.

Gini na 11 kurkuku ne a cikin kurkuku. A ƙarƙashinsa akwai ɗakunan horon yunwa, da wasu 'yan akurki da ake cusa mutum huɗu su kwana a tsaye. A can ne limamin Katolika Maximilian Kolbe ya mutu a watan Agusta 1941, bayan ya miƙa kansa a madadin wani magidanci. A can ne kuma, a watan Satumba na shekarar, aka gwada kisa da Zyklon B a kan fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin 600 da marasa lafiya 'yan Folan 250. Nan ma ba a ɗaukar hoto. Tsakanin wannan gini da na 10 akwai bangon da ake jera mutane a harbe. Mutane na ajiye furanni da kyandir a gindinsa, ana kuma yin shiru.

Zagayen wannan sashe yana ƙarewa ne a ɗakin gas da tanderun ƙona gawa na farko, wanda shi kaɗai ya rage a tsaye har ake shiga. A gefensa akwai katakon da aka rataye kwamandan sansanin na farko, Rudolf Höss, ranar 16 ga Afrilu 1947. Gidan da ya zauna da matarsa da 'ya'yansa yana bayan katanga, taku kaɗan daga wurin.

Idan ka shiga kai kaɗai ko kana da rarar lokaci, kada ka tsallake Gini na 27. Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Ƙudus, ce ta shirya shi, aka buɗe a 2013. Yana farawa da hotunan rayuwar Yahudawan Turai kafin yaƙi, bukukuwa da makarantu da kasuwanni, ya ƙare da wani littafi mai cika ɗaki, ɗauke da sunayen mamata fiye da miliyan 4.

Mataki na biyar: Birkenau

Bas na kyauta yana jigila tsakanin sansanonin biyu. Ka yi amfani da ɗan hutun ka sha ruwa, ka zauna, ka kama ruwa.

An fara gina Birkenau a watan Oktoba 1941 a kan ƙauyen Brzezinka, bayan an kori mutanensa an rushe gidajensu. Faɗinsa ya kai kadada 170. Da ka ratsa ƙofar hasumiyar da layin dogo ya bi ta ƙarƙashinta, za ka ga waya mai ƙaya ta miƙe iyakar ganinka, da ɗaruruwan bututun hayaƙi na bulo tsaye a fili, ragowar ɗakunan katako da suka rushe.

Ka bi layin dogon a ƙafa. A tsakiya akwai tarago guda irin na dakon kaya, babu kujera babu taga sai 'yar kafa. A irinsa ake cusa mutum 70, 80 ko fiye, su yi kwanaki a hanya da bokiti ɗaya. An shigo da layin cikin sansanin ne a 1944 saboda Yahudawan Hangari: daga watan Mayu zuwa Yuli na shekarar aka kawo kimanin 430,000, aka kashe mafi yawansu a ranar da suka sauka. Inda taragon yake, nan likitocin SS, rundunar Nazi da ke gudanar da sansanin, ciki har da Josef Mengele, ke tsayawa suna tantancewa da nunin hannu. Masu ƙarfi a ware su don aiki. Tsofaffi, da marasa lafiya, da yara, da uwaye masu goyo a ce su wuce wanka.

Ka ci gaba a hanyar da suka bi har ƙarshen layin. Hagu da dama za ka ga ɓaraguzan ɗakunan gas da tanderu na 2 da na 3, waɗanda 'yan SS suka tarwatsa da nakiya a watan Janairu 1945 don ɓoye shaida. Ka zagaya har ka ga matattakalar da ke gangarawa ƙasa zuwa dogon ɗakin tuɓe kaya, har yanzu tana nan. Tsakanin kangayen biyu akwai wurin tunawa da aka buɗe a 1967, da alluna a harsunan mutanen da aka kashe.

Mafi yawan ayari daga nan suke juyawa, su biya ta ɗakunan kwana. Ka shiga ka gani: gadaje hawa uku na katako ko bulo da mutum biyar ko fiye ke kwana a kowane hawa, da ɗakunan katako da aka ƙera don dawaki 52 amma aka zuba mutum fiye da 400, da ban-ɗaki wanda dogon daɓen siminti ne mai ramuka a jere ba shamaki. Bayan ɗan jagora ya sallame ku, kai kada ka nufi bas. Ka koma ciki, ka bi ta dama can baya, wajen bishiyoyi. A can ne harsashin rumbunan da fursunoni suka yi wa laƙabi da Kanada yake, inda ake tantance kayan mamata a tura Jamus. A can ne kangon tanderu na 4 yake, wanda fursunonin da aka tilasta wa aikin kwasar gawa suka cinna wa wuta a boren da suka yi ranar 7 ga Oktoba 1944. Kusa da na 5 an kafa hotunan da ɗaya daga cikinsu ya ɗauka a ɓoye a 1944, ana ƙona gawarwaki a fili. Akwai kuma tafkin da ake zuba toka, da baƙaƙen duwatsu a bakinsa. Wannan zagayen zai ci maka sa'a ɗaya zuwa biyu, kuma baƙi kaɗan ne ke isa can. A ganina wanda bai taka wannan ɓangaren ba bai ga girman abin da aka yi ba.

Da sojojin Sobiyet suka iso ranar 27 ga Janairu 1945, mutum kimanin 7,000 suka tarar da rai. Kwanaki kaɗan kafin nan an kora wasu kusan 60,000 a ƙafa cikin dusar ƙanƙara zuwa yamma, ana harbe duk wanda ya gaza. Ranar 27 ga Janairun nan ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa.

Ladabin wurin

Maƙabarta ce, duk da babu kabari ko ɗaya, domin tokar mutane na cikin ƙasar da kake takawa. Ka yi abin da tarbiyya ta koya maka a maƙabarta: sassauta murya, kashe ƙarar waya, suturar mutunci. An yarda a ɗauki hoto a mafi yawan wurare ba tare da walƙiyar kyamara ba, amma hoton kai ana murmushi, ko tafiya a kan ƙarfen dogo ana wasa, abu ne da hukumar wurin ta sha roƙon a daina. Kada ka ɗauki ko da tsakuwa, kada ka rubuta suna a bango ko a katakon gado. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma an sha kama mutane a kai.

Na san mai karatu da yawa zai zo da ciwon abin da ke faruwa da Falasɗinawa a zuciyarsa, kuma ciwo ne na gaskiya. Amma jaririn da sunansa ke jikin akwatin nan an kashe shi ne shekaru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, bai zalunci kowa ba. Kada ka ɗora masa laifin wani, kada ka mai da wurin da aka kashe shi dandalin gardama ko ɗaga kwali. Wanda ke tsaye kusa da kai yana hawaye, wataƙila kakarsa ce ta bi ta matattakalar. A watan Janairu 2020 Sheikh Muhammad al-Issa, babban sakataren ƙungiyar Rabiɗa mai hedikwata a Makka, ya jagoranci tawagar malaman Musulunci zuwa wurin, har suka yi salla a can.

Sannan ka kiyaye harshe idan kana hira da 'yan ƙasar: sansanin Jamus ne na 'yan Nazi a Folan da aka mamaye. Kiransa sansanin Folan yana ƙona musu rai ƙwarai, kuma da dalili, su ne aka fara tsarewa a cikinsa. Majalisar dokokinsu ce ta mai da wurin gidan tarihi a 1947, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1979.

Bayan ka fito

Ka duba lokacin motar ƙarshe zuwa Krakow tun da safe, ka kuma tuna sai ka koma Auschwitz na ɗaya idan ka bar jaka a can. Kada ka shirya wani abu mai nauyi a daren. Wasu kan kasa cin abinci, wasu barci ke gagararsu, wasu kuma ba sa jin komai sai bayan kwanaki. Idan da abokin tafiya, ku tattauna. Idan kai kaɗai ne, ka rubuta suna ɗaya ko biyu da ka karanta kafin su ɓace maka.

Mai rarar yini ya shiga cikin garin Oświęcim kansa, inda kafin yaƙi fiye da rabin mazauna Yahudawa ne, kuma majami'arsu guda da ta tsira ta zama ƙaramin gidan tarihi. A Krakow ya zaga unguwar Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa, ya tsallaka kogin Vistula zuwa Podgórze, inda aka killace su a 1941, ya ga dandalin da aka jera kujerun ƙarfe, da masana'antar Oskar Schindler, Bajamushen da ya ceci Yahudawan da ke masa aiki, wadda ita ma aka mayar gidan tarihi.

Wanda biza ko guzuri ya hana shi zuwa Turai, gidan tarihin yana shirya zagaye kai-tsaye ta intanet tare da ɗan jagora, ana yin rajista a shafin nan nasu. A nahiyarmu kuma akwai cibiyoyin tunawa da wannan kisan a Johannesburg da Cape Town da Durban a Afirka ta Kudu, sannan gidan tunawa da kisan kiyashin Rwanda na 1994 da ke Gisozi a Kigali, inda aka binne mutum fiye da 250,000, yana da sashe kan sauran kisan ƙare-dangi da aka yi a duniya, ciki har da na Yahudawan Turai.